Tekun da Ya Bar Mana Dutsen Malbaza

Ƴan uwana ɗalibai, da aka ce kowa ya kawo rubutu kan tarihin yankinmu domin wanga ɗan littafi, na san da yawa cikinmu za su nufi tarihin sarauta, ko ɓarnar da ayarin Voulet da Chanoine ya yi a Birnin Ƙonni cikin watan Mayu na 1899. Wannan tarihi ne da ya kamata a rubuta, kuma na san za a rubuta shi. Ni wanda na zaɓa ya girme shi nesa ba kusa ba. Kuma ba a littafi na fara cin karo da shi ba. Asara ce ta kai ni: ƴaƴan tarwaɗa ɗari biyu da suka mutu mana cikin kwana biyu.

Bara da hutun damina, mu biyar ƴan aji guda muka haɗa kuɗi don mu gwada kiwon kifi. Wani ya sayar da akuyarsa, wani ya kawo abin da ya tara wajen aikin albasa, ni kuma na ci bashi hannun yayata. Muka gina basan na siminti a bayan gidan kawuna, mita uku da mita biyu. Magini ya gama yaɓe ranar Laraba. Asabar muka cika shi da ruwan rijiya, Lahadi muka zuba ƴaƴan kifi na jika ashirin. A daren nan har lissafin riba muka yi, har da wanda zai riƙa kai kifi kasuwar Ƙonni.

Litinin da safe muka tarar da su suna ta yawo a saman ruwa, suna goga jiki da bango, fatarsu ta yi wani fari-fari mai yauƙi. Muka ƙara musu abinci, don a zatonmu yunwa ce. Kafin azahar ta Talata babu ko ɗaya mai motsi. Nan fa magana ta tashi. Ɗaya ya ce mai sayar da kifin ne ya cuce mu da marasa lafiya. Wani ya ce baki ne. Wani ma ya fara kallon abokinsa, wai shi ne na ƙarshe da ya je wurin da dare. Saura kaɗan abotar shekara shida ta watse saboda zargi, alhali babu wanda ya san abin da ya faru.

Mushen kimiyyarmu ne ya raba gardamar. Da labari ya kai masa, ya zo da kansa bisa moto, ya tsuguna bakin basan ɗin, ya ciro wata ƴar siririyar takarda ya tsoma cikin ruwan. Takardar ta juye shuɗi mai duhu. Ya gwada ta da launukan da ke jikin kwalinta, ya ɗago ya dube mu.

"Yaushe aka gama yaɓen wanga basan?"

Muka ce kwana shida ke nan.

"To, ku bar zargin kowa. Ku da kanku kuka sa kihinku cikin ruwan kanwa. Goma sha ɗaya takarda ta nuna. Ko ɗan yatsa kuka daɗe da shi ciki sai kun ji santsi."

Goma sha ɗayan da yake nufi ita ce pH, wadda muka sha rubutawa a kaye ba tare da mun taɓa tunanin tana da wani aiki a bayan gidan kawu ba. Ma'auni ne daga 0 zuwa 14. Ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne, sama da 7 ɓangaren kanwa, 7 kuma tsaka-tsaki. Ruwan lemun tsami yana wajajen 2. Ruwan teku yana wajajen 8,1. Tarwaɗa tana jin daɗi tsakanin 6,5 da 9. Abin da ke ruɗin mutum shi ne, kowane taki guda ninki goma ne. Daga 8 zuwa 9 ninki goma, daga 8 zuwa 11 ninki dubu. Wani masani ɗan ƙasar Danmak, Søren Sørensen, shi ya fito da ma'aunin a 1909, yana aiki a ɗakin binciken Carlsberg a birnin Kopenhagen.

Amma iyayenmu mata sun daɗe suna aiki da abin ba su san sunansa ba. Kanwar da ake jefawa a wake don ya nuna da wuri, da tsamiyar da ake matsawa a kunu, duk jan ruwa ne zuwa ɗaya daga ɓangarorin nan biyu. Kuna iya gwadawa yau a gida. Ku dafa zoɓo, wanda muke ce wa bisaf, ku raba shi kofi biyu. Ku matsa lemu a ɗaya, zai ƙara ja wur. Ku jefa ƴar kanwa a ɗayan, zai yi duhu har ya koma kore-kore. Takardar Mushe irin aikin nan take yi.

Mushe ya bayyana mana cewa duk siminti, ko na ina ne, in aka kwaɓa shi da ruwa yana haifar da farar ƙasa a cikinsa. In aka zuba ruwa a sabon basan, farar ƙasar nan tana tsattsafowa ta narke, ta tura ruwan can ƙarshen ɓangaren kanwa, sai ya ƙone wa kifi fata da wurin numfashi. Laifin namu ne, na gaggawa. Muna tsaye jiki a sanyaye, sai ya sa hannu aljihu ya ciro wani ɗan farin dutse mai kama da ƙaramin gurasa, da zanen fure mai kunne biyar a bayansa. Ya ce bushiyar teku ce da ta zama dutse, a gangaren wani tudu kusa da Malbaza ya tsince ta. "Abin da ya kashe muku kihi," in ji shi, "dabbobin ruwa ne suka tara shi. Ku je ku nemi labarin, in kun samu ku zo ku gaya mini."

Daga nan na shiga nema. Abin mamaki, mutanen da suka fi taimaka mini in fahimci dutsenmu su ne waɗanda ke kiwon halittun teku cikin akwatin gilashi, abin da ake kira akwariyom. Mu a nan, da fiye da kilomita 800 tsakaninmu da bakin teku, a waya kawai muke ganinsa. Amma wahalarsu da tamu ɗaya ce: ruwa ne aka rufe a ƙaramin wuri, kuma dole mutum ya yi masa abin da a daji yake yi wa kansa.

Sana'ar tana da nata tarihi. A 1846 wata Baturiyar Ingila, Anna Thynne, ta kwaso murjani mai rai daga bakin teku ta kai gidanta a Landan, ta riƙe shi da rai kusan shekara uku. Dabararta ita ce a riƙa sheƙa ruwan daga wannan kwano zuwa wancan kullum don ya sha iska, kamar yadda muke fifita kunu. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifi na farko da jama'a ke shiga kallo, a 1854 kuma Philip Henry Gosse ya fitar da littafin da ya yaɗa kalmar akwariyom. Duk da haka an daɗe ƙwarai murjani yana mutuwa a hannun masu kiwo. Kifi yakan jure, shi murjani sai ya dushe ya bar farin ƙashi.

Dalili kuwa shi ne murjani magini ne. Ga ido kamar itace yake, amma tarin ƙananan dabbobi ne, kowace tana gina wa kanta ɗaki na dutse. Kayan gininta biyu ne, duka narkakku cikin ruwa: kalsiyom da kabonat. In suka haɗu sai su ba da dutsen farar ƙasa, wanda a aji muke kira kalker. Da shi ƙumba da katantanwa da wuri suke yin ɓawonsu, da shi kaza take yin ɓawon ƙwai. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35, a cikinsa kalsiyom bai wuce miligiram 400 da ƴan kai ba. A teku wannan ya isa, don ruwa ba ya ƙarewa, koguna kuma kullum suna kawo sabo daga duwatsu. A cikin akwati kuwa, murjani yana girma yana shanye shi, babu kogin da zai mayar. Shi ya sa mai kiwo yake gwada ruwansa a kai a kai, yana neman kalsiyom ya tsaya tsakanin 380 da 450, pH kuma tsakanin 8 da 8,4.

Biyun nan kuma ɗaure suke da juna. Duk mai numfashi yana fitar da iskar kabon, wadda muke rubuta CO2. In iskar nan ta narke a ruwa sai ta ja shi zuwa ɓangaren tsami. Da rana tsirran ruwa suna shanye ta, da dare kuwa sai ta taru, shi ya sa pH na akwati yakan sauka kafin asuba ya sake hawa da hantsi. In ya sauka da yawa, kabonat yana raguwa, gini ya gagari murjani ko da kalsiyom na nan. In kuma ya hau da yawa, kalsiyom ɗin sai ya fita daga ruwa ya zuba kamar gari, ya daskare bisa famfo da gilashi, murjani bai samu ba. A shekarun 1970 masu kiwo na ƙasashen da ke jin Jamusanci suka yaɗa wata dabara da har yau ake kira da sunanta na Jamusanci, kalkwasser, wato ruwan farar ƙasa. Yana ƙara kalsiyom, yana kuma ɗaga pH a lokaci guda. Da na karanta wannan sai da na yi dariya ni kaɗai, domin ruwan nan shi ne dai wanda ya kashe mana tarwaɗa. Su ɗigo-ɗigo suke sa shi, yawanci da dare. Mu basan guda muka cika muka jefa kifi ciki.

Akwai wata na'ura kuma da suke amfani da ita, wadda ta ƙara buɗe mini ido. Suna cika kwalba da farfasasshen ƙashin murjani, su hura masa iskar kabon har ruwan ciki ya ɗan yi tsami, sai dutsen ya riƙa narkewa yana ba akwatin kalsiyom. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi: iskar kabon cikin ruwa tana narkar da dutsen farar ƙasa. Ni ma na gwada irinsa. Na daka ɗan farin dutsen da na tsinto, na matsa masa lemun tsami, ya yi ta kumfa a gabana.

To, yanzu mu dawo gida. In ruwan gishiri mai ɗumi, mai isasshen kalsiyom, wanda pH ɗinsa ya zauna daidai, shi ne sharaɗin gina dutsen farar ƙasa, mi ya kawo tulin dutsen nan Malbaza?

Amsar masana ilimin ƙasa ita ce, teku ya taɓa kwanciya a nan. Tsakanin kimanin shekara miliyan 100 da miliyan 50 da suka wuce, ruwan tekunan duniya ya fi na yau tsawo ƙwarai, har ya malalo cikin Afirka ta Yamma. Ya shigo daga arewa, daga tsohon tekun da ake kira Tetis, wanda Bahar Rum ragowarsa ce, ya bi ta Aljeriya da Mali ya sauko Nijar da arewacin Najeriya. A wasu lokuta har yakan haɗe da tekun kudu. Ba mai zurfi ba ne can, kuma ba zama guda ya yi ba: yakan shigo, ya ja da baya, ya sake dawowa. Babban kwarin da ya kwanta ciki masana suna kiransa kwarin Iullemmeden, sunan da suka aro daga wata babbar ƙungiyar Abzinawa. Wani Bafaranshe, Jacques Greigert, ya fitar da babban bayanin shimfiɗun duwatsunsa a 1966. Tawa, Illela, Ƙonni, Madawa, Sakkwato, duk cikin kwarin nan muke zaune.

Kowane zuwa na tekun ya bar shimfiɗarsa, kamar tabarmi da aka jera bisa juna. Duk wanda ya bi hanyar Tsarnawa zuwa Badagishiri, ko ya tsaya cikin kwarin Magiya ya ɗaga kai, ya ga abin da nake nufi. Saman tudu jan dutse ne mai ƙarfe-ƙarfe, wannan ya zo ne bayan teku ya tafi. A ƙasansa, inda ruwan sama ya zaizaye gefen tudu, sai ka ga fari da ruwan toka. Farin nan shi ne dutsen farar ƙasa, ya kwanta kimanin shekara miliyan 55 zuwa 60 da suka wuce, wato bayan ƙarewar dinozor, waɗanda suka shuɗe shekara miliyan 66 baya. A Nijar ana kiran shimfiɗar da sunan Garadawa, a Najeriya da sunan Kalambaina, amma abu guda ne. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata a farkon ƙarni na 20 ta bi ta samansa ne kawai. A cikinsa ake samun bushiyar teku irin ta aljihun Mushe, da ƙumba, da katantanwa, da wasu halittu ƙanana da sai da madubin likita ake ganinsu. Ɓawonsu ne ya taru shekara bisa shekara har ya zama tudu.

A shimfiɗun da suka girmi wannan an tono manyan namun ruwa. Akwai wani ƙaton ƙadangaren teku da masana suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, daga sunan garin Goronyo na ƙasar Sakkwato, da wani dangin kada da ake kira Sokotosuchus. Ku duba fa: sunayen garuruwan Hausa suna cikin littattafan kimiyya na duniya, mu da muke kusa ba mu sani ba. Akwai kuma jibs, farin dutsen nan mai ƙyalli kamar gilashi da mutanen ƙauyukan jihar Tawa suke tonowa da hannu suna tarawa a sayar wa masu siminti. Shi ma kalsiyom ne, amma haɗe da wani abu daban, kuma asalinsa daga gishirin ruwan teku yake.

Na kai wa kakana ɗaya daga cikin duwatsun da na tsinto. Ya juya shi a tafin hannu, ya yi murmushi. "Wanga ai mun san shi. Muna yara muna kiwo bisa dutsi da su muke wasa. Manya sun ce mana tun ruwan Ɗufana suke nan." Na ce masa masana sun ce teku ne. Ya ce, "To, ai duk ruwa ne, ɗan nan." Abin da na ɗauka a maganarsa shi ne, mutanenmu sun ga shaidar tun da daɗewa, sun kuma gane cewa ƙumba ba ta hawa tudu da ƙafarta. Rubutawa ce ba a yi ba. Ko farin da ke daskarewa cikin butar shayin gidansa, da sabulun da ba ya kumfa sosai da ruwan rijiyarsu, na gane yanzu kalsiyom ne da ruwa ya lasa daga dutse a ƙarƙashin ƙasa.

Babi na biyu na tarihin dutsen nan gajere ne, bai cika shekara ɗari ba. Siminti irin wanda muke amfani da shi, wani magini ɗan Ingila, Joseph Aspdin, ya yi masa rajista a 1824. Ana niƙa dutsen farar ƙasa da yumɓu, a gasa cikin dogon tanderu mai juyawa har zafi ya kai digiri 1450, su dunƙule su zama ƙwallaye, sannan a niƙe su da ɗan jibs don kada simintin ya kama da wuri tun yana hannun magini. Da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, ƙasa ce da ba ta da bakin teku, kowane buhu sai ya yi doguwar tafiya kafin ya iso. Malbaza kuwa ga dutse, ga yumɓu, ga jibs a yankin, ga babbar hanyar da ta haɗa Yamai da Maraɗi da Damagaram. Nan aka kafa masana'antar SNC, ta fara aiki a 1966. Shekara guda bayan haka, a 1967, ta Kalambaina kusa da Sakkwato ta fara nata. Ƙasashe biyu, kowace tana murnar arzikin ƙasarta, alhali gadon teku guda suke ci.

Izin ɗin ya canza Malbaza. Ma'aikata suka zo daga wurare daban-daban, unguwa ta tashi kewaye da shi, manyan motoci suka riƙa jerin gwano, har garin ya zama cibiyar departama tasa a 2011, bayan da yana ƙarƙashin Ƙonni. A 1998 gwamnati ta sayar da masana'antar ga ƴan kasuwa. Tsohon tanderun ƙarami ne, abin da yake fitarwa bai kusa isar ƙasa ba, shi ya sa simintin waje ya cika kasuwanninmu shekara da shekaru. Zuwa 2019 sabuwar masana'anta, MCC, ta tsaya da ƙafarta, da ƙarfin fitar da tan 650.000 a shekara. Daga baya wata ma ta tashi a Badagishiri cikin departamar Illela. Ke nan abin da ƙananan dabbobi suka tara cikin miliyoyin shekaru, yanzu da tirela ake kwasarsa.

Ga inda labarin ya zagayo. Dutsen farar ƙasa rumbu ne na iskar kabon. A kowane kilo 100 nasa, in aka gasa, kilo 56 ne ke saura, kilo 44 iskar kabon ce da ke tashi sama, ban da hayaƙin makamashin da aka ƙona. Duniya tana yin siminti kimanin tan biliyan 4 a shekara, kusan rabinsa a ƙasar Sin, kuma aikin siminti shi kaɗai yana ba da kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa. Teku yana shanye kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na duk iskar. Kun tuna kwalbar masu akwariyom? Abin da suke yi da gangan a ƙaramar kwalba, shi ke faruwa sannu a hankali a babban teku. Kafin zamanin masana'antu pH na teku yana wajajen 8,2, yau yana wajajen 8,1. Ga ido ba komai ba ne, amma da yake ma'aunin na ninki ne, ƙarin tsamin ya kai kusan kashi 30 cikin ɗari. Murjani da ƙumba na yau sun fara shan wahalar gina ɗakunansu.

Irin wannan ya taɓa faruwa. Kimanin shekara miliyan 56 da suka wuce, zamanin da bai yi nisa da kwanciyar dutsenmu ba, iskar kabon mai yawa ta fita cikin ɗan lokaci, duniya ta ƙara zafi da digiri 5 ko fiye, tekuna suka yi tsami har farar ƙasar da ke can ƙasan teku ta narke a wurare da yawa. Masu haƙa ƙasan teku suna ganin alamar har yau: farin laka, sai kwatsam jan yumɓu, sai a hankali fari ya dawo. Dawowar ta ci fiye da shekara 100.000.

Kada wani ya ce ina nufin a rufe izin. Tan dubu ɗari shida da hamsin a gaban tan biliyan huɗu, ɗigo ne cikin randa, kuma ba mu muka cika sama da hayaƙi ba. Mu da muka yi karatu a ajin zana mun san darajar siminti. Ba mu manta da gobarar 2021 ba, wadda ta ci azuzuwan zana a Yamai da Maraɗi ta tafi da rayukan yara ƙanana. Muna bukatar aji na bulo, da asibiti, da gada, da magudanan ruwa irin na fadamar Ƙonni da madatsun Mozage da Zango ke shayarwa. Abin da nake cewa shi ne mu san abin da muke haƙa. Dutsen yana da iyaka, babu tekun da zai dawo ya ƙara mana wani. Kuma kowace tirelar da ta shiga tanderu tana iya tafiya da ƙashin wata dabba da babu wanda ya taɓa rubuta sunanta. Wa zai tsaya ya duba, in ba ɗiyan wurin ba?

Mu koma ga basan ɗinmu. Mushe ya sa muka zubar da ruwan, muka goge bango da buroshi, muka sake cikawa, muka bar shi kwana uku, muka zubar. Haka muka yi ta yi har sati uku, muna ban ruwan shukar kawu da wanda ya fara yin sauƙi. Takarda ta sauko daga 11 zuwa 10, zuwa 9, ta tsaya kusa da 8. Ba mu da kuɗin ɗari biyu, sai muka sayi sittin. Yanzu kowace safiya ɗayanmu yana gwada ruwa ya rubuta a kaye kafin ya tafi lakol, ranar da takarda ta ƙare kuma da zoɓo muke ɗan lalubawa. Hamsin da huɗu suka rayu. Har yanzu ban gama biyan yayata ba, amma mu biyar ɗin muna tare.

Roƙona ga duk wanda wanga littafi ya shiga hannunsa: in ka je ƙauye hutu, ka duba gefen tudu da bakin ƙorama bayan ruwan sama. In ka tsinci dutse mai kama da ƙumba ko katantanwa ko haƙori, kada ka jefa wa akuya shi. Ka rubuta ranar da sunan wurin, da ko a farar shimfiɗa ka same shi ko a mai ruwan toka, ka tambayi tsofaffin garin yadda suke kiransa da abin da aka gaya musu game da shi. Ka kawo wa mushen kimiyyarku. Mu a ajinmu mun fara tarawa cikin wani tsohon kwalin sabulu, guda goma sha bakwai ne zuwa yanzu, kowane da ƴar takardarsa. Wanda ke son gani ya neme ni ranar taron ƙungiya, zan zo da kwalin da lemun tsami guda.